"MAƘIYIN MATA" KO "MAI RAINA MATA"? NAZARI A KAN WATA BAƘUWAR KALMA

Akwai wata kalmar Ingilishi da ta addabi masu fassara a gidajen rediyo da na jaridu, mu ma ɗaliban Hausa ba ta bar mu mun huta ba. Kalmar ita ce *misogynist*, sunan halin kuwa *misogyny*. Da zarar ta faɗo cikin labari, abin da yawancinmu kan yi shi ne mu buɗe ƙamus, mu ga an ce mutum ne mai ƙin mata, sai mu rubuta "maƙiyin mata" mu wuce, wai mun sauke nauyi. Manufata a wannan 'yar takarda ita ce in nuna cewa wannan fassara, ko da yake ta bi asalin kalmar sau da ƙafa, takan wanke wanda ake tuhuma tun ba a shiga gaban alƙali ba. Ina roƙon malamaina da ke karanta wannan mujalla su yi mini afuwa, in sun ga ɗan koyo ya ɗauki fatanyar da ta fi ƙarfinsa.

Asalin Kalmar

Turawan Ingila aro suka yi daga Girkanci. Harɗaɗɗiyar kalma ce mai ɓangare biyu: *misos*, watau ƙiyayya, da *gyne*, watau mace. Wannan ɓangare na biyu shi ne dai ke cikin sunan da likitoci ke kiran fannin cututtukan mata da shi. Abin lura a nan shi ne, a wurin Girkawa *gyne* na iya nufin kowace mace, tana kuma iya nufin matar aure. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wani marubucin wasannin barkwanci na birnin Atina mai suna Minanda, wanda ya rasu wajen shekara ta 290 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya yi wani wasa da ya sa wa suna *Misogynes*. Wasan ya ɓace, 'yan gutsattsari kawai suka rage a cikin littattafan wasu. Daga ɗan abin da ya saura an gane cewa gogan naka magidanci ne, kukansa kuwa shi ne hidimar bukukuwan bauta da ake ta yi a gidansa ta ishe shi. Ashe ke nan mutumin da aka fara rataya wa sunan a dandalin wasa yana da mata a ɗaka.

Haka labarin Yurifidis, mashahurin marubucin wasannin ban tausayi. Mutanen zamaninsa sun ɗauke shi maƙiyin mata, saboda irin matan da yake fitowa da su a wasanninsa, masu kisa da masu cin amana. Har Aristofanis ya yi wani wasa a shekara ta 411 kafin haihuwar Annabi Isa, inda matan Atina suka taru a wurin bikinsu suna shawarar hukuncin da za su yi masa. Amma wani marubuci da ya zo ɗaruruwan shekaru bayan haka ya ruwaito cewa da aka kai wa Sofokilis wannan zance, sai ya mai da shi abin dariya, ya nuna cewa a dandali kawai abokin sana'ar tasa yake ƙinsu, in an koma ɗaki kuwa ba a fi shi son su ba. Sisero na Rum, a wani littafinsa na shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa ƙin mata cikin cututtukan zuciya, ya kuma kawo ra'ayin masana cewa tsoro ne ke haifar da shi. Wannan magana ta Sisero ta fi shekara dubu biyu, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda wasu samari kan birkice in budurwa ta fi su maki a jarrabawa ba zai ce ta tsufa ba.

Yadda kalmar ta shiga Ingilishi ma labari ne mai daɗi. A 1615 wani mai koyar da wasan takobi, Joseph Swetnam, ya buga wani ɗan littafi na zagin mata, yana fakewa da sunan aro. Ya tattaro labaran Littafi Mai Tsarki da na mutanen da, da barkwancin mashaya, duk don ya tabbatar da cewa mace masifa ce. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, an yi ta sake buga shi har cikin ƙarni na 18. A 1617 raddi uku suka fito. Biyu da sunayen aro na mata, ɗaya kuwa wata budurwa 'yar kimanin shekara 19, Rachel Speght, 'yar wani limamin coci a Landan, ita ta sa sunanta na gaskiya, ta kira littafinta takunkumi ga mai baƙin baki. Daga nan sai aka shirya wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1620, inda aka fito da Swetnam ya gudu wata ƙasa ya sake suna ya koma *Misogynos*, mata suka kama shi, suka yi masa shari'a, suka sa masa takunkumi. Daga wannan zamani ne kalmar ta zauna a Ingilishi, kuma a 1656 sunan halin ya shiga ƙamusun Thomas Blount. Ke nan da ba'a kalmar ta shigo, kuma ta daɗe tana da ƙanshin ba'a: sau da yawa akan liƙa ta ne ga tsohon tuzuru mai baƙin rai wanda ba ya son mace ta taɓa masa littattafai.

Yadda Ma'anar Ta Gusa

Tun daga shekarun 1970, lokacin da masu fafutukar haƙƙin mata a Amurka da Ingila suka ɗauki kalmar, ta daina zama abin wasa. Andrea Dworkin ta buga littafinta *Woman Hating* a 1974, inda ta ɗauke batun daga kan halin mutum guda ta ɗora shi kan al'adun jama'a, har da tatsuniyoyin da Turawa ke yi wa 'ya'yansu. A 2002 babban ƙamusun Oxford ya gyara bayaninsa, ya ƙara da rashin so da kuma mummunan zato ga mata, bayan ƙiyayyar da ke nan tun da.

Amma abin da ya fito da rigimar fili ya faru ne a majalisar Ostareliya ran 9 ga Oktoba, 2012. Madugun 'yan hamayya, Tony Abbott, ya kawo ƙudurin a tsige Kakakin majalisa, Peter Slipper, saboda wasu saƙonnin batsa game da mata da ya aika ta waya. Firayim Minista Julia Gillard, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a ƙasar, ta miƙe ta yi jawabi na kimanin minti 15, ta ce ba Abbott ne zai koya mata darasi a kan wannan ba. Ta jero masa maganganunsa na baya, ta kuma tuna masa ranar da ya tsaya yana jawabi a gaban allunan masu zanga-zanga da ke kiranta mayya. Magoya bayansa suka ce ta wuce gona da iri. Hujjarsu? Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya mata uku, matar tasa ma ta fito ta kare shi kwanaki kaɗan kafin nan, ta yaya za a ce yana ƙin mata? Kimanin mako guda bayan jawabin, masu ƙamusun Macquarie na ƙasar suka ba da sanarwar za su faɗaɗa ma'anar kalmar ta haɗa da mummunan zato ga mata wanda ya yi kanta a zuciya. Aka yi musu ca, wai sun sake ƙamus don su faranta wa gwamnati. Editar ƙamusun, Sue Butler, ta amsa da cewa an yi shekaru ana amfani da kalmar haka, su ne suka makara. Ni dai a ganina tana da gaskiya. Ƙamus magatakarda ne, abin da jama'a suka faɗa yake rubutawa.

A 2017 wata malamar falsafa 'yar Ostareliya, Kate Manne, ta fito da littafinta *Down Girl*, ta ƙara tura zancen gaba. Ta ce a daina leƙen zuciyar namiji ana neman ƙiyayya, don ba mai iya gani, a dubi abin da ke samun mace. Ta raba abu biyu: akwai aƙidar da ke kawo hujjar cewa mace ƙasa take, akwai kuma horon da kan sauka a kan wadda ta ƙi zama inda aka ajiye ta. In za mu kwatanta da fada, na farko mai ba da fatawa ne, na biyu dogari ne mai bulala, kuma wannan na biyun shi take kira *misogyny*. Dogari ba ya dukan wanda ya faɗi ya yi gaisuwa. Saboda haka mutum na iya son uwarsa da matarsa da 'yarsa, muddin suna kan layi, ya kuma zama shi ne kan gaba wajen yaga wadda ta tsaya takara ko ta yi gardama da shi a taro.

To, Ina Hausa?

Ta fuskar ƙirar kalma ba mu da matsala. Ɗafa-goshin *ma-* na ba mu sunan mai aikata abu: maƙiyi, masoyi, manemi. Muna kuma da gajeriyar siga, kamar a "maci amana" da "masha ruwa" da "maƙi gudu". Sai a ce "maƙi mata" ya zauna daram, gaɓa da gaɓa da Girkancin. Matsalar tana cikin ma'ana ne.

Da farko, aikatau ɗin "ƙi" ya fi karkata ga rashin amincewa. Yaro ya ƙi abinci, jaki ya ƙi tafiya, yarinya ta ƙi mijin da aka ba ta. In Bahaushe yana nufin tsana ta gaske, "ya ƙi jininta" zai ce, ko "ya tsane ta". Don haka in ka ce wa mutumin kasuwa wane maƙi mata ne, abin da zai zo masa shi ne mutumin da ya ƙi aure, watau tuzuru, ko gwauron da ya ƙi sakewa, irin waɗanda Nalako da jama'arsa kan bi da tashe a Kano cikin watan azumi. Mun koma ke nan ga tsohuwar ma'anar ba'a wadda Turawan da kansu suka baro. Na biyu, a rubutunmu na yau da kullum ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka "mata" uku ne a takarda: jam'in mace, da matar aure tilo, da kuma "mata" ta "na ba mata". Shubuhar nan ta Girkanci da na ce a riƙe, ga ta mun gada har da ƙari.

Wani zai ce to a ari kalmar mana, yadda muka ari mota da tebur. A gwada furta ta da bakin Bahaushe: misojini. Kafin ta kai Kurmi ta zama "maso jini", a shiga neman maye.

Amma babban aibin "maƙiyin mata" shi ne saukin kuɓuta daga gare shi. A ƙasar da namiji mai mata biyu ko uku ba abin mamaki ba ne, wa za ka kira maƙiyin mata ya tsaya saurarenka? Zai nuna maka ɗakuna a jere, ya ce da ina ƙinsu na tara su? Hujjar magoya bayan Abbott ke nan, sai dai a nan ta fi ƙarfi sau uku ko huɗu.

Adabin da muke karantawa ya isa ya rushe wannan hujja. Ɗauki Sarki Shahriyar na *Dare Dubu da Ɗaya*. Matarsa ta ci amanarsa, sai ya yanke wa dukkan mata hukunci, yana auren budurwa kowane dare, gari na wayewa a kashe ta, har shekara uku, kafin 'yar waziri ta shawo kansa da labarai. A duk adabin duniya da wuya a sami wanda ya kai shi ƙin jinin mata, da wuya kuma a sami wanda ya kai shi yawan aure. Ko kuwa mu dawo gida, mu dubi Alhaji Abdu na *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ɗan kasuwa ne mai hali, amma Rabi da 'ya'yanta tara ba sa ganin abin kirki daga hannunsa, sai ta yi abincin sayarwa ake rufa asiri, kuɗinsa kuwa na wajen matan waje. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi. In ka ce masa maƙiyin mata, dariya zai yi, don duk unguwa an san son mata ne ya yi masa yawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin ma shi ne ƙarshensa. Bayan gobara ta cinye masa kanti, duniya ta juya masa baya, sai aka taru a kan Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafafunta, aka matsa mata ta koma. Waɗanda suka matsa mata ba maƙiyanta ba ne, danginta ne masu ganin gata suke yi mata. Ga dogarin Kate Manne nan, da rawani da kyakkyawar niyya.

Yanzu mu duba rumbun kalmominmu. Namijin da son mata ya yi wa yawa muna da sunansa, namamajo. Wanda matarsa ke juya shi muna da nasa, mijin-ta-ce. Wanda ke kwaikwayon mata, ɗan daudu. Wanda bai yi aure ba, tuzuru. Wanda ya rabu da tasa, gwauro. Duk waɗannan sunayen tsiya ne, kuma in ka lura, kowanne na hukunta namiji ne don ya kusanci mata fiye da kima, ko ya sakar musu ragama, ko ya kasa ajiye su. Wanda ya taka su fa? Sai dai mu bi ayyukansa ɗaya-ɗaya: mai auri-saki, mai dukan mata, mai ƙwauron cefane. Ba mu da suna guda da ya ɗaure su a dami ɗaya ya ce tushensu ɗaya ne. Ra'ayina shi ne, jama'a kan raɗa wa abin da ya ba su mamaki suna, abin da suka saba da shi kuwa sai ya wuce ba a ko waiwaye shi.

Halin kuwa yana nan, karin maganarmu shaida ne. "Ba a yi komai ba, mace ta haifi mace." "Ƙarfin mata sai yawan magana." "Mata dangin Shaiɗan." Ko yabon ma da ƙaya a ciki: mace in ta burge sai a ce ta yi namijin ƙoƙari, ko mai kamar maza. Na san za a kawo mini "mata iyayen giji" da "mata adon gari", kuma gaskiya ne muna faɗa, amma a dubi inda aka ajiye su a cikin yabon: giji da ado. Su ma matan ba su yi shiru ba, suna da "namiji ƙanin ajali" da "namiji ba ɗan goyo ba ne", sai dai nasu a tsakar gida ya fi yawo. Kuma kada wani ya ce sukar wannan hali baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a *Nurul Albabi*, ya zargi malaman zamaninsa da suke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Waɗancan malamai ba wanda zai ce sun tsani iyalinsu. Ba su ɗauke su a bakin komai ba ne.

Wannan "rashin ɗauka a bakin komai" Hausa tana da kalmarsa, ita ce raini. Saboda haka shawarata ga masu fassara ita ce "mai raina mata" ga mutumin, "raina mata" ga halin. Na guje wa "rainin mata" da gangan, don ana iya fahimtarsa a kan rainin da mata ke yi. Fa'idar wannan fassara ita ce ba a kuɓuce mata da yawan aure. Namamajo na iya zama mai raina mata, kai, sau da yawa ma shi ne, don wanda ya ɗauki mace kamar riga ba ya ƙin riguna, tara su yake yi. Kuma abu ne da ake iya kawo shaida a kansa daga magana da aiki, yadda Gillard ta yi, ba sai an tsaga ƙirji ba.

Ba na cewa ta rufe ko'ina. Ga Shahriyar raini ya yi kaɗan, nan "mai ƙin jinin mata" ko "maƙiyin mata" ne ya dace, haka ga duk wanda ya ɗauki makami a kan mata don su mata ne, kamar ɗan bindigar da ya ware ɗalibai mata ya kashe mata 14 a wata kwalejin injiniya a Montreal ta Kanada a 1989. Aikin mai fassara ne ya duba wace ma'ana marubucin ya nufa, tsohuwar ko sabuwar. Haka kuma ban yarda a riƙa jifan duk wanda ya soki wata mace da wannan suna ba. Wanda ya ce kasafin kuɗin Gillard bai yi ba, siyasa yake yi. Wanda ya ɗaga allo ya kira ta mayya, shi ne muke magana a kansa.

Akwai wata suka da na san malaman nazarin ma'ana za su yi mini, gara in riga su. Za su ce a al'adarmu raini daga ƙasa yake hawa sama. Yaro ne ke raina babba, bara ya raina ubangidansa, kuma ƙarar da aka fi ji a zaure ita ce "matar nan ta raina ni". In babba ya yi wa na ƙasa, wulaƙanci mukan ce. To, wannan suka tana da ƙarfi, sai dai tana tafe da wani zato a ɓoye, watau cewa mace ita ce ta ƙasa, don haka ba ta da girman da za a raina. Wannan zato kuwa shi ne ainihin abin da kalmar take ƙoƙarin kamawa. Ban da haka, Hausa ba ta hana raini tsakanin tsara da tsara ba: muna cewa "ya raina mini hankali", muna cewa "rainin wayo", ɗan kasuwa ma kan raina tayi. In mai sauraren rediyo ya ji an ce shugabar wata ƙasa ta zargi madugun 'yan hamayya da raina mata, zai gane abin da ake tuhumarsa da shi, zai kuma nemi a faɗa masa me mutumin ya ce da me ya yi. In kuwa aka ce ta kira shi maƙiyin mata, tambayarsa ta farko ita ce ko mutumin ba shi da aure.